Taƙaitaccen Tarihin Kenneth Wilson (1936-2013), Masanin Rikiɗar Abubuwa

Gabatarwa

'Yan'uwana ɗalibai, mun saba idan muka buɗe wannan shafi na tarihin magabata mu tarar da irin su Nana Asma'u ko Sa'adu Zungur ko Abubakar Imam ko Aƙilu Aliyu. A wannan karon ina neman afuwa, domin baƙo na kawo muku, Ba'amurke, wanda ba mawaƙi ba ne, ba kuma marubucin ƙagaggun labarai ba. Dalilin kawo shi kuwa musu ne da ya haɗa ni da wani abokina da muke ɗaki ɗaya a nan Jalingo, wanda ke karatun fiziks. Ya nace a kan cewa iyakar Hausa waƙa da tatsuniya da ciniki a kasuwa, ba za ta iya ɗaukar darasi ko ɗaya daga cikin darussansu ba. Da musun ya yi tsawo sai ya buɗe littafinsa, ya nuna mini babin da ya fi ba shi wuya, ya ƙalubalance ni in bayyana shi da Hausa. A wannan babi na fara cin karo da sunan Kenneth Wilson.

Hutun ƙarshen shekara gaba ɗaya a kan wannan mutum na ƙarar da shi, kuma abokin musun nawa shi ya koma malamina. Kalmomin fannu da za a gani a nan ni na ƙirƙire su, saboda haka ƙofar gyara a buɗe take.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Kenneth Geddes Wilson ranar 8 ga watan Yuni na shekarar 1936 a garin Waltham da ke jihar Massachusetts ta Amurka. Mahaifinsa, E. Bright Wilson, farfesan kemistiri ne a Jami'ar Harvard, don haka cikin littattafai yaron ya buɗe ido. Tun yana ƙarami ya ari littafin lissafi mai zurfi daga wajen mahaifinsa yana karantawa shi kaɗai. Ya yi shekara ɗaya yana makaranta a Oxford ta Ingila, sannan ya koma gida ya kammala sakandare a jihar Pennsylvania.

A shekarar 1952, yana ɗan shekara 16, ya shiga Harvard inda ya karanci lissafi. Sau biyu, a 1954 da 1956, yana fitowa cikin biyar ɗin farko a gasar lissafi ta Putnam, wadda ɗaliban jami'o'in Amurka da Kanada ke fafatawa a cikinta. Ba littafi kaɗai ya sani ba, domin yana cikin masu yi wa jami'ar tseren gudu na mil ɗaya.

A 1956 ya wuce Cibiyar Fasaha ta Kalifoniya, wato Caltech, don yin digiri na uku. Mahaifinsa ya umarce shi da ya ƙwanƙwasa ƙofar manyan malamai biyu na wurin, Murray Gell-Mann da Richard Feynman, ya tambaye su aikin da suke yi. Kamar yadda shi da kansa ya ba da labari daga baya, Feynman ya nuna masa ba ya aikin komai a lokacin, shi kuwa Gell-Mann sai ya rubuta masa wata tsohuwar matsala ta maganaɗisu, ya nuna zai yi kyau in ya warware ta. Wilson ya yi digirinsa a ƙarƙashin Gell-Mann a kan wani batu dabam, ya kammala a 1961. Amma shekara 15 bayan wannan ƙwanƙwasa ƙofa, matsalar maganaɗisun ce ta fito da sunansa.

Matsalar da Ta Gagari Magabata

Kafin mu ci gaba da labarinsa, wajibi ne mu san matsalar. Bari mu fara daga murhu. A nan Jalingo ruwa kan tafasa daf da digiri 100 a ma'aunin Salshiyas. A Gembu kuwa, can saman tsaunin Mambila, wajen digiri 95 yake tafasa, saboda iskar da ke danne shi ba ta kai ta nan nauyi ba, shi ya sa wake kan daɗe bai nuna ba a can. Ke nan in matsi ya ragu ruwa kan tafasa da wuri, in ya ƙaru sai ya yi jinkiri.

To, a ce mun rufe ruwa a tukunya mai ƙarfi ƙwarai, muna ta ƙara wuta. A digiri 100 ruwa ya fi tururi nauyi wajen sau 1,600. Amma yayin da zafi da matsi ke hawa, ruwan yana ƙara sakewa, tururin kuma yana ƙara cunkushewa. Idan aka kai digiri 374, da matsin da ya ninka na iskar da ke kanmu sau 218, sai bambancin ya ƙare ƙaf, a rasa ina ne ruwa, ina ne tururi. Wannan gaɓa ita na raɗa wa suna maƙurar bambanci, ko maƙura a taƙaice.

Thomas Andrews na birnin Belfast ne ya yi wa abin cikakken bayani a 1869, da ya yi gwaji da iskar nan da ke sa lemon kwalba kumfa, wadda kuma ake ɗurawa a wasu tukwanen kashe gobara. Maƙurarta digiri 31 ne kacal. Wato a zafin watan Maris na Jalingo, komai matsin da aka yi mata ba za ta rabu gida biyu, ruwa a ƙasa iska a sama ba. An kuma lura cewa daf da maƙura, abin da yake garai-garai sai ya yi fari kamar tsinkakken nono.

Maganaɗisu ma yana da tasa maƙurar. A 1895 Pierre Curie na Faransa ya nuna cewa zafi na kashe ƙarfin maganaɗisu. Ga baƙin ƙarfe, abin na faruwa ne a digiri 770, shi ya sa maganaɗisu ba ya kama ƙarfen da ya yi ja wur a maƙera.

Tambayar da masana suka sa gaba ita ce: da wane irin sauri bambancin yake ɓacewa yayin da ake kusantar maƙura? Amsar lamba ɗaya ce. A 1937 Lev Landau na Tarayyar Sobiyet ya kawo ra'i mai kyan tsari, wanda ya ɗauka cewa kowace ƙwayar zarra matsakaicin tasirin sauran ƙwayoyin kawai take ji. Lissafinsa ya ba da 1/2. Ma'anar haka ita ce, in tazarar zafin da ta rage a kai maƙura ta ragu sau 64, bambancin zai ragu sau 8. Amma a 1945 Edward Guggenheim na Ingila ya tattara awon abubuwa takwas mabambanta, ya ga lambar ta fi kusa da 1/3, wato sau 4 bambancin ke raguwa, ba sau 8 ba. Kafin nan, a 1944, Lars Onsager, ɗan asalin Nowe, ya warware lissafin wani maganaɗisu na misali da ake kira da sunan Ernst Ising, wanda ƙwayoyinsa ke jere a shimfiɗe kamar gidajen dara. Lambar da ta fito daga wannan tsari 1/8 ce, kamar yadda C. N. Yang ya tabbatar a 1952. Shi wannan maganaɗisu na Ising, amma mai tsawo da faɗi da kauri, shi ne matsalar da Gell-Mann ya rubuta wa Wilson.

Ke nan abu biyu suka tsaya wa masana a wuya. Na farko, me ya sa ra'in Landau ya kuskure? Na biyu, wanda ya fi ban mamaki, me ya sa ruwa da iskar lemo da wasu nau'o'in maganaɗisu, waɗanda ba abin da ya haɗa ƙwayoyinsu, suke ba da lamba iri ɗaya?

An san bakin zaren amsar farko. Daf da maƙura, abu ba ya zama bai ɗaya. Akwai ɗigon ruwa a cikin kumfar tururi, ita kumfar tana cikin wani ɗigon da ya fi ta girma, haka abin yake tafiya tun daga girman ƙwayar zarra har zuwa girman da zai iya watsa haske, wanda shi ne sanadin farin nan mai kama da nono. Duk wanda ya ɗauki matsakaici ya share wannan duka. Wanda kuma ya ce zai bi ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, to ya sani a giram 18 na ruwa akwai ƙwayoyin da adadinsu ya kai 6 da sifili 23 a bayansa. Gaba damisa, baya siyaki.

Shekarun Shiru

Shi Wilson ba ta ƙofar ruwa da tururi ya shigo ba. Fanninsa shi ne nazarin ƙwayoyin da suka fi zarra ƙanƙanta. A can ma akwai irin wannan ciwon kai, domin abin da ke faruwa a gajeriyar tazara yana shafar abin da ake gani a doguwa. A 1954 Gell-Mann da Francis Low sun nuna cewa ƙarfin cajin ƙwayar lantarki yana canjawa gwargwadon kusancin da aka auna shi. Sunan da Turawa suka ba wannan hanya, wanda ya samo asali daga aikin Stueckelberg da Petermann na 1953, yana nufin sake daidaita ma'auni. Ni dabarar sake-awo na kira ta. A wancan zamani masana ƙalilan ne suka ɗauke ta da muhimmanci, Wilson kuwa ya riƙe ta gam.

Bayan ya yi aikin bincike a Harvard da kuma cibiyar CERN da ke Janeba ta ƙasar Suwizalan, sai Jami'ar Cornell ta ɗauke shi koyarwa a 1963 ba tare da ya nema ba. Cikin dalilan da ya bayar na karɓar aikin har da cewa ya ji labarin garin yana da ƙungiyar rawar gargajiya mai kyau, domin shi ma'abocin rawa ne. A 1965 aka tabbatar da shi a aiki na dindindin, alhali maƙalun da ya buga ba su taka kara sun karya ba. Duk wanda ya san yadda ake ƙirga maƙalu kafin a yi wa malamin jami'a ƙarin girma, zai gane irin kasadar da Cornell ta yi. Shi kansa ya bayyana cewa ya san hanyar da ya ɗauka ba mai saurin haihuwa ba ce, amma da ya lura yana samun aiki ko bai buga komai ba, sai ya daina damuwa.

A waɗannan shekaru ya riƙa yi wa kansa wata tambaya: in da yana da kwamfuta mai girman gaske, yaya zai tsara mata matsalar ta warware? Wannan ya tilasta masa daddatsa babbar matsala zuwa matakai.

A Cornell ɗin kuma ya yi dacen maƙwabta. A sashen kemistiri akwai Benjamin Widom, wanda a 1965 ya gano cewa lambobin maƙura suna da dangantaka da juna, ko da yake bai san tushenta ba. A 1966 Michael Fisher ya zo daga Landan, shi kuwa gogagge ne a fannin. A shekarar ce kuma Leo Kadanoff na Jami'ar Illinois ya fito da shawarar da ta buɗe hanya.

Dabarar Sake-awo

Ga yadda na fahimci shawarar Kadanoff, da misalin da na ƙaga. Mu ɗauki kowace ƙwayar maganaɗisu a matsayin magidanci mai zaɓi biyu, ko ya duba gabas ko ya duba yamma. Kowa na son ya yi abin da maƙwabtansa suka yi, amma zafi kamar hayaniya yake, yana rikita su. Maimakon mu bi gida gida, sai mu haɗa gida tara mu naɗa musu mai unguwa, ya ɗauki ra'ayin mafi rinjayensu. Sai mu haɗa masu unguwa tara a ƙarƙashin dagaci, dagatai tara a ƙarƙashin hakimi, haka har sama. A kowane mataki sai mu ja da baya mu duba hoton.

In akwai sanyi, duk hawan da muka yi sai mu ga baki yana ƙara zuwa ɗaya, har a ƙarshe kowa ya fuskanci wuri guda. Wannan shi ne ƙarfe mai maganaɗisu. In zafi ya yi yawa, duk hawan da muka yi sai alaƙa ta ƙara yankewa, har ra'ayin wannan hakimi ya zama ba ruwansa da na maƙwabcinsa. Amma a daidai maƙura, hoton magidanta da na masu unguwa da na dagatai duk kamanninsu ɗaya, ba za ka iya cewa ga matakin da kake kallo ba.

Shawarar ta bayyana dangantakar da Widom ya gano, sai dai ba ta iya fitar da lambobin kansu ba. Kadanoff ya ɗauka cewa irin huldar da ke tsakanin magidanta ita ce tsakanin dagatai, ƙarfinta kawai ke canjawa. A nan ne Wilson ya shigo. A ƙarshen 1970 Widom ya roƙe shi ya yi jawabi a taron ƙara wa juna sani a kan dabarar sake-awo. Cikin neman misali mai sauƙi da zai nuna wa masu sauraro ne ya samo ƙa'idar da ake maimaitawa mataki bayan mataki, wadda kwamfuta ke iya lissafawa. A 1971 ya buga maƙalu biyu a mujallar Physical Review, waɗanda suka sauya fannin.

Wilson ya yarda cewa a kowane hawa sababbin hulɗoɗi iri-iri na ɓullowa, ya kuma bar su su ɓullo. Sai ya bi sawunsu. Ya ga cewa mafi yawansu suna dusashewa yayin da ake hawa, waɗannan su ne marasa tasiri. 'Yan ƙalilan ne ke ƙaruwa, kamar tazarar zafi daga maƙura, su ne masu tasiri. A daidai maƙura kuwa tafiyar tana ƙarewa ne a wata matsaya, inda ƙarin hawa ba ya canja komai. Lambobin da ake nema daga halin wannan matsaya suke fitowa, ba daga siffar ƙwayoyin asali ba.

Da wannan aka amsa tambaya ta biyu. Kogin Taraba da na Donga da na Katsina-Ala kowanne da mafarinsa da ƙauyukan da yake ratsawa, amma duk Binuwai suke faɗawa. Haka ruwa da iskar lemo da maganaɗisun Ising mai kauri: mafari dabam dabam, matsaya ɗaya. Abin da ke raba abubuwa gida gida bai wuce kaɗan ba, musamman yawan fuskokin da abu yake da su, wato ko shimfiɗaɗɗe ne ko mai kauri, da kuma yawan zaɓin da kowace ƙwaya take da shi.

A 1972 shi da Fisher suka ƙara wata hikima. Duniyarmu fuska uku gare ta: tsawo da faɗi da kauri. Lissafi ya nuna cewa a duniyar da fuskokinta suka haura huɗu, ra'in Landau daidai yake. Sai suka fara daga huɗu suna saukowa kaɗan kaɗan, har suka sa 3.99 a kan maƙalarsu. Gyaran farko da wannan hanya ta bayar shi ne a cire 1/6 daga 1/2 na Landau. Mai karatu ya gwada da kansa, zai ga 1/3 ya rage, wato lambar da Guggenheim ya gani shekara 27 kafin nan. Lissafin da aka tace daga baya, tare da gwaje-gwaje, ya tsaya a wajen 0.326.

Sauran Ayyukansa da Lambobin Yabo

Wilson bai tsaya nan ba. A 1974 ya fito da hanyar jera sarari a kan gidaje kamar na dara, domin kwamfuta ta iya lissafin ƙarfin da ke ɗaure ƙwayoyin da ke cikin cibiyar zarra, kuma har yau ana amfani da ita. A 1975 ya buga warwarar matsalar Kondo, wadda ta shafi yadda ɗan gurɓin maganaɗisu ke canja gudun lantarki a cikin ƙarfe mai tsananin sanyi.

A 1980 aka ba shi lambar yabo ta Wolf tare da Fisher da Kadanoff. A 1982 kuma, yana da shekara 46, aka ba shi lambar Nobel ta fiziks shi kaɗai. Masana da dama sun ga ya kamata a ce an haɗa da waɗancan biyun, kuma gaskiya ne hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, domin har a Tarayyar Sobiyet da Italiya akwai waɗanda suka share fage. A shekarar ce kuma ya auri Alison Brown, ƙwararriya a aikin kwamfuta.

A 1985 ya zama shugaban cibiyar manyan kwamfutoci ta Cornell, ɗaya daga cikin biyar da gwamnatin Amurka ta kafa bayan kiraye-kirayen da shi da wasu suka yi. Layin sadarwar da aka shimfiɗa don haɗa waɗannan cibiyoyi yana cikin tushen intanet. A 1988 ya koma Jami'ar Jihar Ohio, inda ya ba da sauran ƙarfinsa ga gyaran ilimin makarantu da horar da malaman kimiyya, har ya fitar da littafi a kan haka a 1994 tare da Bennett Daviss.

Rasuwarsa

Kenneth Wilson ya rasu ranar 15 ga watan Yuni na 2013 a garin Saco da ke jihar Maine, mako ɗaya bayan ya cika shekara 77. Matsalar da Gell-Mann ya rubuta masa kuwa, har yau ba wanda ya warware ta ɗungurungum irin yadda Onsager ya yi wa shimfiɗaɗɗiyar. Abin da Wilson ya nuna shi ne ana iya samun amsar da ake bukata ba tare da an bi kowace ƙwaya ba.

Kammalawa

Me ɗalibin harshe zai tsinta a nan? Ni dai abu biyu na tsinta. Na farko, haƙurin zama da tambaya ɗaya shekara da shekaru. Mu da kan zaɓi batun kundin digiri saboda sauƙinsa, ya kamata mu yi wa kanmu hisabi.

Na biyu, ita tambayar tasa: in aka ja da baya, me ke ɓacewa, me ke saura? Mu a Taraba muna zaune ne a inda Hausa ke gogayya da Fulatanci da Mumuye da Jukun da wasu harsuna masu yawa. Kullum muna jin yadda a kasuwar Jalingo wasu ke sakin bambancin jinsin namiji da tamace, wasu kuma ba sa rarrabe ƙ da k, amma ciniki bai taɓa tsayawa ba. Ba ina cewa lissafin Wilson zai yi aiki a kan harshe ba, misali kawai nake bugawa. Sai dai maimakon mu tsaya ga yi wa wannan Hausa dariya, kamata ya yi mu fita da rakoda da littafi, mu bi ta unguwa unguwa da gari gari, mu tantance abin da ke zubewa da abin da ya ƙi zubewa. Ga batun kundi nan ga mai so.

Game da musunmu kuwa, na karanta wa abokina wannan rubutu kafin in miƙa shi. Ya gyara mini wuri uku, ya kuma ƙi amincewa da kalmar maƙura, yana ganin ba ta nuna cewa akwai abin da ke gaba da gaɓar ba. Na nemi ya kawo wadda ta fi ta, har yanzu yana nema. Duk ɗalibin da ke da shawara, sai ya aiko wa hukumar wannan mujalla domin a buga a fitowa ta gaba.